Tarihin Git-up da Matsalar Rassan da Ke Tsufa a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu rubuta manhajar kwamfuta ya san cewa da yawa daga cikinsu suna aiki a kan wani baƙin allo, wanda babu hoto ko maɓalli a kansa sai wurin rubutu, inda mutum zai rubuta umarni guda ya danna, kwamfuta ta mayar masa da jawabi cikin 'yan layuka. Daga cikin umarnonin da aka daɗe ana rubutawa a wannan allo akwai wani ɗan ƙarami da ake kira git-up, wanda aikinsa ɗaya ne tak, watau ya bi dukkan rassan aikin da mutum yake da su a kwamfutarsa ya daidaita su da abin da abokan aikinsa suka ƙara. Kuma ko da yake mai shi ya daɗe da sakinsa, tarihinsa ya cancanci a ba da shi, domin mas'alar da ta haife shi tana nan har yau.

Asalin al'amarin shi ne buƙatar adana tarihin gyare-gyare. A shekarar 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, sannan a 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, kuma dukkansu biyu hukuncinsu guda ne: wanda zai gyara fayil sai ya kulle shi, sauran jama'a su yi haƙuri har ya gama. A 1986 Dick Grune, malami a wata jami'a a Amsterdam, wanda yake aiki tare da ɗalibansa biyu da lokutan aikinsu ba su zo ɗaya ba, ya saki CVS, wanda ya halatta wa mutane da yawa su taɓa fayil guda a lokaci guda, a haɗa gyaransu daga baya. Subversion, da aka soma a 2000, ya gyara aibobin CVS ba tare da ya sauya aƙidarsa ba. A duk waɗannan, tarihi da rassansa suna zaune ne a wuri guda na tsakiya, galibi wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, abin da ke hannun ma'aikaci kuwa kwafin aikin ranar ne kawai, saboda haka ba a san wani abu wai shi reshen gida da ya tsufa ba.

Sauyin ya zo ne ta hanyar rigima. Tun daga 2002 masu gina cibiyar Linux suna amfani da BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy, wadda ya ba su aro kyauta bisa sharuɗɗa, alhali da yawa daga cikinsu ba su taɓa samun natsuwa da dogara ga abin da ba a buɗe asirinsa ba. Da Andrew Tridgell, mutumin Ostireliya, ya binciko yadda manhajar take magana da uwar garkenta, sai kamfanin ya sanar da janye aron a watan Afrilu na 2005, Linus Torvalds kuwa, jagoran masu gina cibiyar, da ya duba bai ga abin da ya gamsar da shi ba, ya zauna ya rubuta nasa cikin 'yan kwanaki, ya sa masa suna Git. A watan Yuli na shekarar ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano, wanda ya fitar da bugu na 1.0 a watan Disamba, kuma shi ke riƙe da ita har yanzu.

Hikimar Git ita ce kowane ma'aikaci yana da cikakkiyar ma'ajiya a kwamfutarsa, da tarihin aikin tun daga farkonsa, yana iya tsaga reshe a cikin ƙiftawar ido, ya yi gwaji a kansa ko da babu intanet, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Amma wannan 'yanci yana da farashinsa, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Tun daga bugu na 1.5.0, wanda ya fito a farkon 2007, tsarin da aka saba shi ne kowane reshe yana da siffa uku: akwai wanda ke can a uwar garke inda jama'a suke zuba aikinsu, akwai hotonsa da kwamfutarka ta ɗauka a ranar da ta yi masa leƙen ƙarshe, akwai kuma naka na gida da kake rubutu a kansa. Malamanmu na da sun san irin wannan hali, domin almajirin da ya kwafi littafi daga nuskhar shehinsa ya koma garinsu, in shehin ya ci gaba da gyara tasa, to, ta almajirin ba za ta san an yi ba har sai ya dawo an yi muƙabala, an karanta wannan ana duba waccan. Umarnin git fetch yana sabunta hoton ne kurum, bai taɓa naka ba. Umarnin git pull kuwa yana sabunta hoton, sa'an nan ya haɗa sabon abin da reshe guda ɗaya, wanda kake tsaye a kansa a wannan sa'a, sauran ya bar su yadda ya same su.

A ɗauka ga wata ma'aikaciya ta dawo daga hutun mako biyu, tana da rassa biyar a kwamfutarta. Ta tambayi Git halin da take ciki, ya amsa mata cewa reshenta daidai yake da na uwar garke, alhali kuwa bai leƙa ko'ina ba, da tsohon hoton nan na mako biyu ya gwada. Ta ja sabon aiki a babban reshe, ta yi ɗan gyara, ta tura. Sai ga jerin layukan ƙorafi sun cika allon, domin a wancan zamani ɗabi'ar git push ita ce ya yi ƙoƙarin tura duk reshen da yake da takwara mai suna ɗaya a can, kuma huɗun da ba ta taɓa ba duk an riga an wuce su. Ba wani abin da ya lalace, gyaranta ya isa lafiya, amma in tana so ƙorafin ya ƙare sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta shiga rassan ɗaya bayan ɗaya, ta ja, ta fito. Ga kuma wata illa ta biyu: duk lokacin da ta ja alhali tana da gyaran da ba ta tura ba, sai Git ya rubuta wata shaidar haɗewa a tarihi, wadda ba ta ɗauke da wani ilmi face cewa wance ta ja aiki ran Litinin, har tarihin aikin ya cika da irin waɗannan ƙulle-ƙulle marasa fa'ida.

Da GitHub, dandalin ajiye ma'ajiyoyin Git a intanet, ya buɗe a 2008, jama'ar da ba su da alaƙa da Linux suka shigo Git da yawa, wannan ƙaramar wahala ta zama ta kowa. Aanand Prasad, wanda daga baya aka fi saninsa da Fig, manhajar da ta zama Docker Compose, shi ya rubuta git-up da harshen Ruby, kuma ya bayyana waɗannan aibobi biyu a matsayin dalilinsa. Abin da umarnin yake yi shi ne abin da ma'aikaciyar nan take yi da hannu: ya ɗauko labarin uwar garke, ya ɓoye aikin da ba a kammala ba a gefe, ya shiga kowane reshe da aka wuce, ya ɗaga gyare-gyaren gida ya sake ɗora su a kan sabon tushe maimakon ya haɗa, sa'an nan ya komo inda ya taras da kai ya mayar maka da aikinka, yana rubuta sunan kowane reshe da abin da ya yi masa. Da yake bai zauna da kyau a kan Windows ba, Markus Siemens ya sake rubuta shi da harshen Python, aka sami PyGitUp.

A ganina, a nan ne git-up ya yi ƙarfin hali fiye da kima. Sake ɗora gyara a kan sabon tushe sake rubuta tarihi ne, domin kowane gyara yana samun sabuwar lamba, kuma ma'abota wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa ba a yin haka ga abin da wasu suka riga suka gina a kansa. Bugu da ƙari, in saɓani ya tashi tsakanin gyaranka da na wani, aikin zai tsaya ne a tsakiyar wani reshen da ba ka yi niyyar shiga yau ba. Umarnin hub sync, na manhajar hub da Chris Wanstrath ya fara, ya fi ihtiyaɗi: reshen da ba ka ƙara masa komai ba ya matsar da shi gaba, wanda yake ɗauke da gyaran da ba a tura ba ya gargaɗe ka ya ƙyale shi, wanda kuma aka goge takwaransa a can bayan an haɗe aikinsa ya share maka shi.

Abin da ya kawo ƙarshen git-up shi ne Git da kansa, wanda sannu a hankali ya haɗiye dalilan samuwarsa. A 2013 aka koya masa ɓoye aiki a gefe da kansa kafin sake ɗorawa. A 2014 bugu na 2.0 ya sauya ɗabi'ar turawa, ta koma reshen da kake kai shi kaɗai, ƙorafin nan ya mutu. A 2016 kuma bugu na 2.9 ya ba da damar rubuta git pull --rebase --autostash a layi guda. Prasad ya sanar cewa ya daina kula da aikin, ya nuna wa jama'a wannan layi a madadinsa. A 2020, da bugu na 2.27, Git ya ma soma jan kunnen mai ja cewa ya zaɓi tafarkin da yake so, haɗewa ko sake ɗorawa, kada a zaɓar masa.

Sai dai wannan layi ma reshe guda yake sabuntawa, kuma har yau Git bai da umarni ɗaya da zai bi rassan gida duka, shi ya sa ake ci gaba da rubuta 'yan'uwan git-up da harsuna iri-iri. Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikinsu, kafin ya sake shi a cikin ma'ajiyarsa, ya fara bincika abin da yake yi in ya iske reshe mai gyaran da ba a tura ba, ko tsayawa yake ya faɗa maka, ko kuwa sake ɗorawa yake ba tare da ya tambaye ka ba.