Kuɗin Taimako da Nazarin Harsunan Nijeriya: Daga Sadakar Coci Zuwa Gwajin Ife

1.0 Gabatarwa

Manazarci idan ya buɗe tsohon ƙamus ko littafin nahawu na ɗaya daga cikin harsunan ƙasar nan, galibi yakan tsallake shafin godiya ya wuce ga abin da ya kawo shi. Alhali kuwa a wannan shafi ne ake ambaton wanda ya biya kuɗin tafiya da na ɗab'i da ladan mutanen da aka tatsi harshen daga bakinsu. Idan aka bi waɗannan shafuka ɗaya bayan ɗaya, za a tarar cewa kaso mai tsoka na aikin da aka yi wa harsunan Nijeriya daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1970 bai fito daga baitulmalin hukuma ba. Ya fito ne daga ƙungiyoyin sa-kai da gidauniyoyin attajirai.

A Turai da Amurka nazarin irin waɗannan ƙungiyoyi ya zama fage mai cin gashin kansa, da taruka da mujallu nasa. Ƙungiyar masana da a yanzu ake kira ARNOVA ta samo asali tun 1971, ta ƙasa da ƙasa kuma, wato ISTR, an kafa ta a 1992. Masana irin su Edward Berman a 1983 da Inderjeet Parmar a 2012 sun yi rubutu a kan rawar da gidauniyoyin Carnegie da Rockefeller da Ford suka taka a Afirka, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga siyasa da tattalin arziki da gina jami'o'i. Wannan maƙala za ta dubi ɓangaren harshe, domin a ga abin da kuɗin taimako ya iya yi da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

2.0 Sadakar coci

Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda aka kafa a Landan a 1799, da gudummawar mabiya coci take gudanar da ayyukanta. Ita ce ta tura James Frederick Schön da Samuel Ajayi Crowther cikin ayarin da ya shigo Kogin Kwara a 1841. Crowther ya fitar da littafin kalmomin Yarabanci a 1843. Schön kuwa ya duƙufa a kan Hausa har ya samar da ƙamus a 1876 da Magana Hausa a 1885, kuma yawancin abin da ke cikin na biyun daga bakin Dorugu ya fito, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Ita dai CMS ce ta kira taron Legas na 1875 wanda ya aza harsashin ƙa'idojin rubutun Yarabanci.

Akwai kuma wata ƙaramar ƙungiya da ba a cika ambatonta ba, wato Hausa Association. An kafa ta ne a Ingila domin tunawa da John Alfred Robinson, ɗan mishan da ya rasu a Lakwaja a 1891 yana tsakiyar nazarin Hausa. Kuɗin da ta tara su suka kawo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson Kano a ƙarshen 1894, kuma daga wannan tafiya aka sami ƙamus ɗinsa mai juzu'i biyu na 1899 da 1900.

Manufar masu ba da wannan kuɗi ba a ɓoye take ba: so suke a fassara Baibul. Saboda haka harshen da ya sami rabo shi ne wanda mishan ya sauka a cikin masu magana da shi, ko wanda ake ganin zai kai saƙo ga jama'a masu yawa. Wannan manufa ta kai har ga ƙirƙiro wani nau'in Ibo na haɗin gambiza daga kare-kare daban-daban, wanda T. J. Dennis ya jagoranci fassara Baibul da shi, aka buga a 1913. An karanta shi a coci shekaru da dama, amma babu garin da aka taɓa yin ciniki da shi a kasuwa.

3.0 Gidauniyoyin Amurka da rikicin haruffa

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani sabon kuɗi ya shigo. Asusun Phelps-Stokes, wanda aka kafa a Niyok a 1911 bisa wasiyyar Caroline Phelps Stokes, ya tura kwamiti ya zagaya Afirka a 1920 zuwa 1921 ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tare da J. E. K. Aggrey, mutumin ƙasar da ake kira Gana a yau. Rahotonsu na 1922 ya goyi bayan koyarwa da harshen gida a ƙananan azuzuwa. Sai dai shawarar ta zo ne cikin kunshin wani tsari da aka kwaikwayo daga makarantun baƙar fata na Hampton da Tuskegee, tsarin da ya fifita noma da sana'ar hannu a kan zurfin karatu. Wannan ya sa 'yan boko da dama suka riƙa kallon karatu da harshen uwa a matsayin dabarar hana su Ingilishi. Zargin nan bai gushe daga zukatan iyaye ba har yau, kuma duk mai fafutukar harshen uwa yana biyan bashinsa.

A 1926 aka kafa Cibiyar Harsuna da Al'adun Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a Landan. Lugard ne shugabanta, Diedrich Westermann na cikin daraktocinta, babban sakatarenta kuwa shi ne Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa. Gidauniyoyin iyalan Rockefeller na daga cikin manyan masu ɗaukar nauyinta. Cibiyar ta fara fitar da mujallar Africa a 1928, ta kuma riƙa shirya gasar rubutu cikin harsunan Afirka, wadda a cikinta littafin Omenuko na Pita Nwana ya yi nasara. Amma aikinta da ya fi barin tabo shi ne ƙasidar ƙa'idojin rubuta harsunan Afirka ta 1927, wadda aka sake yi wa gyara a 1930. Manufarta ita ce kowane sauti ya sami harafinsa guda, a rage ɗige-ɗige da alamomi a sama da ƙasan haruffa.

Shawara ɗaya ce, amma sakamako uku ta haifar. Yarabawa, da yake rubutunsu ya riga ya kafu tun ƙarni na 19, sun ci gaba da ɗige-ɗigensu. A ƙasar Hausa haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun sami gindin zama a shekarun 1930 ba tare da wata hayaniya ba, domin a bayansu akwai R. M. East da Hukumar Talifi ta Zariya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kai su ko'ina daga 1939. Hukuma ɗaya ce ke buga littattafan, ita ce kuma ke da makarantun.

A ƙasar Ibo ne abin ya zama fitina. Westermann ya ziyarci Nijeriya a 1929, aka fito da sabon tsari mai wasula takwas da sababbin haruffa. Gwamnati da mishan ɗin Katolika da na Methodist suka karɓa, CMS kuwa, wadda ta riga ta zuba dukiyarta a littattafan tsohon tsari, ta ƙi. Kusan shekara talatin yaran makaranta suna rubuta harshe ɗaya da haruffa iri biyu, gwargwadon cocin iyayensu, masu ɗab'i kuma suka ja baya, littattafan ƙirƙira suka yi ƙaranci. Abin lura shi ne wanda ya shiga tsakani. Wani matashin malami, F. C. Ogbalu, ya kafa ƙungiyar haɓaka harshe da al'adun Ibo a 1949, ƙungiyar sa-kai ta 'yan ƙasa da ba ta da wata gidauniya a bayanta, ta matsa lamba har aka kai ga tsarin Kwamitin Onwu na 1961. Tsarin ya riƙe wasula takwas na masana, ya kuma rubuta wasu daga cikinsu da ɗigo a ƙasa yadda keken rubutu zai iya bugawa. Ilimin Westermann ba shi da aibi. Abin da Cibiyar ba ta da shi shi ne hanyar sanin abin da masu harshen za su yarda da shi.

4.0 Zamanin Ford

Gab da samun 'yancin kai gidauniyoyin suka ƙara matsowa. Carnegie ce ta ɗauki nauyin Kwamitin Ashby wanda rahotonsa na 1960 ya share fagen sababbin jami'o'i. A wannan shekara kuma Gidauniyar Ford ta buɗe ofishinta a Legas.

Ford ce ta biya kuɗin Shirin Binciken Harsunan Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1960. Shugabansa Joseph Greenberg ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939. Robert Armstrong na Jami'ar Ibadan shi ke kula da aikin fage. Shirin ya ba matasan masana tallafin bincike, ya fara tarukan shekara-shekara, ya kafa mujallar harsunan Afirka ta Yamma a 1964. A jerin littattafansa ne nazarin Peter Ladefoged na furucin harsuna 61 ya fito a 1964, da nahawun Yarabanci na Ayo Bamgbose a 1966. Kafin wa'adin tallafin ya cika, mahalarta taron 1965 a ƙasar Gana suka kafa Ƙungiyar Masana Harsunan Afirka ta Yamma, ta gaji tarukan da mujallar. Wannan dabara ce ta sa aikin ya rayu bayan kuɗin ya ƙare, domin abin da ake buƙata a ci gaba da shi bai fi ƙarfin kuɗin rajistar membobi da ɗakin taron jami'a ba.

Hausa ba ta dogara da wannan kuɗi kamar sauran ba. Kamfanin Gaskiya na 1945 da hukumar NORLA da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 duk na gwamnati ne. Ƙananan harsuna su suka fi jin daɗin tallafin. A Jihar Ribas, Kay Williamson da E. J. Alagoa sun jagoranci shirin samar da littattafan karatun firamare cikin kimanin harsuna ashirin, da kuɗin gwamnatin jihar da taimakon Ford da UNESCO.

5.0 Gwajin Ife

A watan Janairu na 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ife, ƙarƙashin Aliu Babatunde Fafunwa, ta fara wani gwaji a makarantar firamare ta St. Stephen da ke Modakeke, da tallafin Ford. Tambayar da aka sa a gaba mai sauƙin faɗi ce: me zai faru idan aka koyar da yaro dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Ingilishi kuma ya zama darasi ɗaya a hannun ƙwararren malami? Aka ware wasu azuzuwa suka bi wannan tsari, aka bar wasu a kan tsarin da aka saba, wato harshen gida shekara uku sannan a juya zuwa Ingilishi.

Aikin da ya fi cin lokaci da kuɗi shi ne na littattafai. Babu littafin lissafi ko na kimiyya na aji biyar ko shida da Yarabanci, don haka sai da aka tara malaman jami'a da na firamare, irin su Adebisi Afolayan, suka zauna lokutan hutu suna rubutawa suna ƙirƙirar kalmomi, ta hanyar aro da fassara da faɗaɗa ma'anar tsofaffin kalmomi. Ga masanin harshe wannan shi ne babban abin da gwajin ya tabbatar, tun kafin a zo ga sakamakon jarrabawa: harshen ya ɗauki nauyin da aka ce ba zai iya ɗauka ba.

Sakamakon da Fafunwa da abokan aikinsa suka buga a 1989 ya nuna cewa yaran da suka yi karatu da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a wasu darussa ma sun fi su. Masu suka sun ce ba a san ko harshen ne ya kawo nasarar ba ko kuwa sababbin littattafai da ƙwararren malami da idon jami'a da ke kan makarantar. Sukar tana da tushe, kuma faɗaɗa gwajin zuwa ƙarin makarantu goma a 1973, har da na karkara, ya rage mata ƙarfi amma bai kawar da ita ba. Sai dai sukar da kanta ta tona wani abu: abin da gidauniya ta saya wa waɗannan azuzuwa, wato littafi a hannun kowane yaro da malami mai horo, shi ne abin da sauran makarantun ƙasar ba su da shi, kowane harshe aka koyar da su.

A nan iyakar kuɗin taimako ta bayyana. Gidauniya tana iya ɗaukar nauyin makarantu goma sha ɗaya na 'yan shekaru, amma horar da malamai da buga littattafai ga jiha guda aikin kasafin kuɗin gwamnati ne na kowace shekara. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tsaya ga harshen uwa a farkon firamare kawai. Jihar Oyo ta gwada faɗaɗa tsarin a tsakiyar shekarun 1980, abin bai ɗore ba. Fafunwa da kansa ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya daga 1990 zuwa 1992, tsarin shekara shida bai zama doka ba.

Sai a watan Nuwamba na 2022, shekara 52 bayan buɗe azuzuwan Modakeke, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe da ta wajabta koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare shida. Ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya faɗa tun a ranar cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Takardun Gidauniyar Ford kuwa suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Rockefeller da ke Sleepy Hollow a Jihar Niyok, tare da na ita Gidauniyar Rockefeller, kuma ƙofarta a buɗe take ga masu bincike.