Daga takardar naɗa taba zuwa dogon Dosso: tarihin gidan Bolloré

Duk wanda ya taɓa hawa bus daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Yamai ya san wurin da nake nufi. Da an wuce Dosso, in ba barci kake ba, za ka ga layin dogo yana bin gefen gudro, nan ya ɓace cikin rairayi, can ya sake fitowa. Ranar da na fara ganinshi, shekarata ta farko a jami'a, na tambayi wani dattijo da muke kujera ɗaya: "Baba, ƙarfe nawa jirgin ke wucewa?" Ya dube ni, ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce: "Ɗana, wanga dogon Bolloré ne. In shi kake jira, nemi tabarma."

A lokacin na zaci Bolloré sunan kamfani ne kawai. Daga baya na gane sunan gida ne, zuri'a ɗaya daga yammacin Faransa, wadda ta share shekara 200 tana kasuwanci. Ƴan uwa ɗalibai, tarihin wanga gida ya cancanci mu san shi, don shekara da shekaru kayan da ke shigowa ƙasarmu ta Kwatano da Lome da Abijan suna ratsawa ta hannunshi, kuma har gobe akwai kuɗinmu da ke shiga aljihunshi kowane ƙarshen wata.

Abin ya faro a 1822, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Odet, kusa da garin Quimper cikin yankin Bretagne. Wani mutum, Nicolas Le Marié, ya kafa masana'antar takarda. A 1861 ragamar ta koma hannun wani ɗan uwanshi, likita, Jean-René Bolloré, daga nan sunan ya kama. Sun ƙware a takarda mai shara-shara: ta buga littattafan addini, ta ƙunshin ganyen shayi, musamman kuma ta naɗa taba, wadda suka yi ma suna OCB. Fiye da shekara 100 ke nan sana'arsu, ɗa ya gaji uba, ba su cika leƙa wata kasuwa ba.

Cikin shekarun 1970 kasuwa ta juya masu baya, bashi ya hau kai, har masana'antar ta suɓuce ta faɗa hannun bankin Edmond de Rothschild. A wanga banki ne wani saurayi ɗan gidan, Vincent Bolloré, wanda aka haifa a 1952, yake aiki yana koyon yadda ake juya kuɗi. A 1981, yana da shekara 29, shi da wanshi suka karɓo masana'antar kakanninsu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, don ba wanda ke son kaya mai bashi. Ya karkatar da aikin zuwa wata leda mai sirantaka da ake sawa cikin kayan lantarki, riba ta dawo, a 1985 ya shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta Paris. Ya samu abin da yake nema: suna mai kyau wurin bankuna da hanyar tara kuɗin mutane.

Daga nan ya daina jiran masana'anta ta girma a hankali, ya koma sayen kamfanonin da wasu suka riga suka gina. A 1986 ya sayi SCAC, kamfanin tiransit da ke da rassa a tashoshin jiragen ruwan Afirka tun zamanin mulkin mallaka. A 1991, bayan kokawa mai zafi da wani tsohon gidan ƴan kasuwa, ya ƙwace Delmas-Vieljeux, mai jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Afirka ta Yamma. Ya haɗe biyun ya kira su SDV, haruffa ukun da iyayenmu ƴan kasuwa suka saba gani a kan takardun duwan. A 1997 ya ƙara da Saga, babban abokin gasarshi a harkar tiransit. A daidai wannan lokaci ya mamaye rukunin Rivaud, tsohon bankin da ke da hannu a gonakin roba da na kwakwar manja a Afirka da Asiya.

Ku dubi jerin da kyau. Jirgin da ya ɗauko kaya nashi ne, wanda ya sauke su a tasha nashi ne, wanda ya yi takardun fitarwa nashi ne, sito nashi ne. Saura hanyar cikin ƙasa. Sai ga shi an shiga shekarun da Bankin Duniya da FMI ke matsa ma gwamnatocinmu su saki kamfanonin ƙasa ga ƴan kasuwa. A 1995 ya samu dogon Abijan zuwa Wagadugu da sunan Sitarail, a 1999 ya samu na Kamaru da sunan Camrail. Daga 2004 ya shiga karɓar tashoshin kwantena: Abijan, Legas, Tema, Kwatano, Lome, Konakiri. Jiragen ruwan Delmas kuwa, ya sayar ma CMA CGM a 2006. Ya lura cewa teku ta kowa ce, jirgi na iya samun kishiya gobe, amma ƙasa ɗaya ba ta da babbar tasha goma. Wanda ya riƙe mashiga, kowa sai ya biyo ta gabanshi.

Za ku ce, da wane kuɗi mutum ɗaya ya sayi duk wannan? A nan dabarar take, kuma ana cewa wani gogaggen ma'aikacin bankin Lazard, Antoine Bernheim, shi ya koya mashi ita. A ce ka kafa kamfani, ka riƙe kashi 51 cikin 100, sauran 49 kuɗin wasu ne. Kai ke da magana. Wanga kamfani ya riƙe kashi 51 na wani kamfani na biyu, na biyun ya riƙe 51 na na uku. In ka yi lissafi, ainihin rabonka a na biyu kashi 26 ne, a na uku 13 kacal, amma a dukansu ba a motsi sai da izininka. Bolloré ya jera irin waɗannan kamfanoni hawa-hawa, wasu ma suna riƙe da hannun jarin junansu, yadda baƙo ba zai iya kutsowa ya saye su ba. Ɗaya daga cikin na saman yana ɗauke da sunan kogin kakanni, Odet. Faransawa na kiran tsarin da sunan kurar jan ruwa, irin wadda ake ɗaurawa bisa rijiya: ƙaramin ƙarfi ya ɗago babbar wasaki.

Dabara ta biyu ita ce shiga gidan mutane a ɓoye. Yakan sayi hannun jarin wani kamfani kaɗan-kaɗan, ya ce shi baƙo ne mai zumunci, sai an farga ya zama babba cikin masu jari. In masu gida suka tsorata, ya sayar da riba ya fita, kamar yadda ya yi ma Bouygues a 1998. In suka yi sakaci, ya hau kujera. Haka ya yi ma Havas, kamfanin talla, a 2005. Haka ya yi ma Vivendi: a 2012 ya ba Canal+ tashoshin telenshi guda biyu aka biya shi da hannun jarin Vivendi, uwar Canal+ ɗin, zuwa 2014 shi ne shugaban majalisar da ke sa ido kan kamfanin gaba ɗaya, alhali bai mallaki ko rabi ba.

Tashar jirgin ruwa da layin dogo ba a sayensu a kanti, shugaban ƙasa ke sa hannu. Don haka gidan bai taɓa nisa da masu mulki ba. A 2007, da Nicolas Sarkozy ya ci zaɓe, a jirgin ruwan shaƙatawa na Bolloré ya tafi hutu gaɓar Malta. A 2018 ƴan sandan Faransa suka tsare Vincent Bolloré don tambayoyi, bisa zargin cewa Havas ya yi ma ƴan takarar shugabancin Togo da Gine aikin kamfe da rahusa a 2010, don a saka ma rukunin da tashoshin Lome da Konakiri. A 2021 kamfanin ya yarda ya biya tarar Yuro miliyan 12 kan batun Togo. A Kamaru kuma, ranar 21 ga Oktoba 2016, jirgin Camrail ya kauce daga dogo a Eséka, mutum 79 suka mutu, kotu ta same kamfanin da laifi a 2018.

Yanzu mu dawo dogonmu. A 1959 Nijar da Dahomey, Benin ta yau, suka kafa hukumar dogo ta haɗin gwiwa, wadda daga baya aka kira OCBN, amma dogon da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, bayan kilomita 438. Daga can sai a sauke kaya a loda ma manyan motoci, su biyo ta Gaya. Mafarkin shi ne a ƙarasa shi har Yamai, a zarce Wagadugu, a haɗe da Abijan. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka yi babban biki a Yamai, Shugaba Issoufou Mahamadou da takwarorinshi na Benin da Togo da Vincent Bolloré da kanshi. Aiki ya yi sauri ƙwarai. A ƙarshen Janairu 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa, aka buɗe kilomita wajen 140 daga Yamai zuwa Dosso, dogo na farko a tarihin Nijar.

Sai dai an fara gini daga jela. Tsakanin Dosso da Paraku babu komi, kuma can Benin akwai rigima kwance. Wani attajiri ɗan ƙasar, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi ya ci kwangilar layin tun 2010. A Nuwamba 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, a 2017 kotun ƙoli ta tabbatar. A 2018 Shugaba Patrice Talon ya nemi ɓangarorin biyu su janye a nemi Sin. Banda haka, injiniyoyi da yawa sun yi suka cewa dogon ƙarami ne, faɗin mita ɗaya irin na zamanin Turawa. Dogon da bai kai teku ba, mi zai ɗauko? Shekaru suka yi ta wucewa ba jigilar kaya ba ta fasinja.

Ban ce laifin na gida ɗaya ne ba. Gwamnatocin da suka sa hannu da wani alhali ba su warware da na farko ba, suna da nasu kaso. Kuma gaskiya ne rukunin ya zuba kuɗi a tashoshin teku, ya kawo manyan injunan sauke kwantena, ya ɗauki dubban ƴan Afirka aiki. Abin da nake son mu riƙe shi ne wanga: gidan da ya girma da saye, da sayarwa yake rayuwa. OCB kanta, takardar da kakanni suka yi suna da ita, an sayar da ita tun 2000. Wanda bai ji ƙyashin sakin gadon gidansu ba, don mi zai riƙe tashar Kwatano in farashi ya yi mashi?

Farashi kuwa ya yi. A Disamba 2022 aka sayar da Bolloré Africa Logistics gaba ɗaya, tashoshin kwantena 16, layukan dogo 3, ma'aikata sama da 20,000, ga MSC, kan Yuro miliyar 5.7. In ka juya shi sefa ya haura miliyar 3,700, fiye da kasafin kuɗin Nijar na shekara guda a lokacin. MSC ma na wani gida ne, gidan Aponte, ƴan asalin Italiya mazauna Geneva. An canza allo aka rubuta AGL. Mashigar da shinkafarmu da magungunanmu ke biyowa ta tashi daga hannun wani iyali ta koma na wani, a wani ciniki da aka ƙulla a Turai. A 2024 sauran harkar dakon kaya ma aka sayar ma CMA CGM.

Kada ku zaci sun bar Afirka. Sun sauya mashiga ne. A 2023 Vivendi ya kammala sayen Lagardère, mai gidan buga littattafai na Hachette da rediyon Europe 1. A 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da SuperSport. Ma'ana, ko abonomarka ta Canal+ ce kamar yawancinmu, ko ta DStv ce kamar ƴan uwanmu na Katsina da Kano, kuɗin kallon balonka rijiya ɗaya suke gangarawa. Vincent ya ce ya yi ritaya a Fabrairu 2022, lokacin bikin cikar gidan shekara 200. Ɗiyanshi ke kan kujeru: Cyrille na jan rukunin Bolloré tun 2019, Yannick na jan Havas.

Mu da ke ajin tattalin arziki da shari'a da aikin jarida yau, wasunmu ne za su zauna gobe a teburin da ake ba da kwangilar hanya, ko ta ma'adinai, ko ta sadarwa, ko mai karɓa Bafaranshe ne, ko Basine, ko Baturke, ko ɗan gida. Kafin a kira mai kalangu a yanka kirtani, a tambaya: wa ke saman jerin kamfanonin nan, kuma nawa ne kuɗinshi na gaske a ciki? Shekara nawa aka ba shi? In ya sayar gobe, ƙasa na da ta cewa? In ya tsaya a rabi, wa zai biya? Akwai wani da aka yi ma alkawarin wanga aiki kafin shi? Tambaya ta ƙarshen nan kaɗai, da an amsa ta a 2014, da wataƙila dattijon bus bai aike ni neman tabarma ba.

Hutu mai zuwa, in za ku Yamai, ku nemi kujerar taga. Bayan Dosso ku tada na kusa da ku, ku nuna mashi wurin, ku ba shi labarin.