Dillalin saƙonni a kwamfuta: Yaushe ake cewa saƙo ya tabbata?

Dillalin saƙonni manhaja ce da ke zama tsakanin wasu manhajoji, tana karɓar saƙo daga mai aikawa, ta riƙe shi, sannan ta miƙa wa mai karɓa idan ya shirya. Bankuna da kamfanonin sadarwa da shagunan intanet na amfani da irinta wajen kai bayanai kamar umarnin biyan kuɗi daga wani sashe na kwamfutocinsu zuwa wani. Kamfanin IBM ya fitar da MQSeries a 1993, RabbitMQ ta biyo baya a 2007, sai Apache Kafka da aka ƙirƙira a kamfanin LinkedIn aka kuma buɗe ta ga kowa a 2011.

Babbar tambayar da ke tattare da aikin dillali ita ce: idan ya amsa wa mai aikawa cewa ya karɓi saƙo, me wannan amsa take nufi? Da zarar mai aikawa ya samu amsar, yakan ɗauka amanar ta fita daga hannunsa. Idan saƙon ya salwanta bayan nan, babu wanda zai sake aika shi.

Hanyoyi biyu ake bi. A hanya ta farko, wato tsarin jira, dillali ba ya amsawa sai ya rubuta saƙon a faifan ajiya, wurin da bayanai ba sa gogewa ko da wuta ta ɗauke. A hanya ta biyu, dillali na amsawa da zarar saƙon ya shiga ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, sai daga baya ya rubuta shi a faifai. Tsakanin amsar da rubutun akwai ɗan lokaci, kuma duk saƙon da ke cikin wannan tazara zai iya ɓacewa idan na'urar ta mutu. A manhajar ActiveMQ, alal misali, saƙon da aka yi wa alamar a adana shi yakan bi tsarin jira, sai fa idan injiniya ya sauya hakan da kansa.

Akwai wani tarko da ke rudar ma ƙwararru. Ko da manhaja ta ba da umarnin a rubuta saƙo a fayil, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, irin su Linux, takan tara rubutun a ƙwaƙwalwar wucin gadi tukuna. Sai an ba da wani umarni na musamman mai suna fsync sannan ake tilasta mata sauke shi a faifai. Wannan umarni na cin lokaci. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ɗaya yana ɗaukar kusan kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ya kammala juyi guda, don haka idan kowane saƙo zai jira juyinsa, da ƙyar a wuce saƙonni 120 a daƙiƙa. Faifan zamani marar juyawa ya rage wannan jira ƙwarai, amma bai kawar da shi ba.

Shi ya sa kowace manhaja ta nemi mafitarta. Redis, wadda wasu ke amfani da ita a matsayin dillali, ta ba da zaɓi uku ga kundin rubutunta: a sauke bayanai a faifai bayan kowane umarni, ko sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ko a bar wa babbar manhajar kwamfuta ta yi lokacin da ta ga dama. Wanda ya ɗauki na tsakiya ya yarda ke nan da yiwuwar asarar saƙonnin kusan daƙiƙa guda. RabbitMQ kuwa takan tara saƙonni da dama ta rubuta su tare, sannan ta aika wa kowane mai aikawa tabbacinsa, ta yadda jira guda ke biyan buƙatar saƙonni masu yawa.

Kafka ta bi wata hanya dabam. Maimakon ta jira faifai a kan kowane saƙo, sai ta dogara da kwafa shi zuwa wasu kwamfutoci. Mai aikawa ne ke zaɓar irin tabbacin da yake so: ya tura ba tare da jiran wata amsa ba, ko ya jira amsar kwamfutar da ke jagoranci kaɗai, ko ya jira sai dukkan kwamfutocin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jagorar sun samu kwafi. Tun daga fitowar Kafka 3.0 a 2021, zaɓi na uku ne ke aiki idan ba a sauya ba.

Sai dai kalmar "dukka" na da nata rauni. A 2013, mai bincike Kyle Kingsbury, a jerin gwaje-gwajensa na Jepsen, ya nuna cewa idan sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutocin, rukunin masu kwafi na iya raguwa har ya zama jagorar ce kaɗai ta rage. Za ta ci gaba da amsa cewa saƙo ya tabbata alhali ita kaɗai ke riƙe da shi, idan kuma ta faɗi aka naɗa wata, saƙonnin sun tafi ke nan. Daga baya an ƙara wata ƙa'ida da ke ba injiniya damar ƙayyade mafi ƙarancin kwafin da dole a samu kafin a amsa. Abin da aka saba gani shi ne kwafi 3, a kuma wajabta aƙalla 2. Ko da haka, kwafi uku da ke ɗaki ɗaya a kan layin wuta ɗaya ba su da wani tabbas, domin ɗaukewar wuta guda za ta iya shafe ƙwaƙwalwarsu a lokaci guda. Wannan ne dalilin da ake rarraba su a gine-gine dabam-dabam.

Ɗaya ɓangaren shi ne na mai karɓa. Idan dillali ya goge saƙo da zarar ya miƙa shi, mai karɓa kuma ya mutu kafin ya gama aiki a kansa, saƙon ya ɓace. Idan kuma dillali ya jira mai karɓa ya ce ya kammala, to wata matsalar ce ke ɓullowa: mai karɓa na iya gama aikin, amsarsa ta ɓace a hanya, dillali ya sake miƙa masa saƙon. Inda saƙon umarnin cire kuɗi ne daga asusu, sai a cire sau biyu. Ƙa'idar MQTT, wadda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara a 1999 domin sa ido kan bututun mai, ta kasa lamarin zuwa matakai uku: isarwa sau ɗaya ko ma babu, isarwa aƙalla sau ɗaya, da isarwa sau ɗaya tak, wadda ke buƙatar musayar saƙonni huɗu tsakanin ɓangarorin biyu.

A aikace, yawancin injiniyoyi kan zaɓi isarwa aƙalla sau ɗaya, sannan su ba kowane saƙo lamba ta musamman, domin mai karɓa ya gane wanda ya riga ya gani ya yi watsi da shi. Kafka ta shigar da irin wannan dabara a ɓangaren mai aikawa a fitowarta ta 0.11 a 2017. Ga bayanan da asararsu ba ta da illa sosai, kamar ƙididdigar masu ziyartar shafi ko ma'aunin zafi da na'ura ke turowa kowace daƙiƙa, jiran faifai ɓata lokaci ne kawai. Ga umarnin biyan albashi kuwa, da wuya a samu hujjar amsawa kafin a adana.