Nazarin Koyo a Bakin Aiki

Koyo a bakin aiki fanni ne na binciken ilimi da ke duba yadda mutum yake samun gwaninta ta hanyar shiga cikin masu sana'a da yin aiki tare da su, maimakon zama a aji ana karantar da shi. Tushensa yana komawa ga John Dewey na Amurka, wanda ya nuna a littafinsa na 1938 cewa ilimi yana ginuwa ne a kan abin da ɗalibi ya taɓa da hannunsa, da kuma Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, mai ganin cewa yaro yana fara iya abu da taimakon wanda ya fi shi kafin ya iya shi kaɗai. Rubuce-rubucen Vygotsky ba su yaɗu sosai a Yamma ba sai bayan tarin da aka fitar da Ingilishi a 1978.

Fannin ya tsaya da ƙafarsa ne a shekarun 1970, lokacin da Jean Lave ta zauna cikin telolin ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya, babban birnin Laberiya. Ta lura cewa ubangida ba ya tara yaransa ya ba su darasi, amma duk da haka akwai tsari. Ɗan koyo yana farawa ne daga ƙarshen aiki, wato guga da ɗinka maɓalli da kalmasa, sannan ya hau keken ɗinki, yanka kuwa sai can daga baya. Hikimar a fili take: kuskure a maɓalli ana warware shi, kuskure a yanka asarar yadi ne, kuma mai guga yana ganin surar riga gaba ɗaya kafin ya san gutsattsarinta.

Wasu bincike sun ƙarfafa wannan. A 1985 masana a Recife ta ƙasar Birazil sun gwada yara masu talla, suka tarar kusan duk lissafin cinikinsu daidai ne, amma da aka rubuta musu lambobin a takarda, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

A 1991 Lave da Etienne Wenger suka wallafa littafin Situated Learning, inda suka ce koyo tafiya ce daga gefen jama'ar masu sana'a zuwa tsakiyarta. Sun kawo misalai biyar, har da ungozomomin Yucatan a Meziko da mahauta a manyan kantunan Amurka. Misalin mahautan ya fi jan hankali, domin a can koyon ya gurgunce: an tsare 'yan koyo wajen naɗe nama, ba sa ganin yadda gwanaye ke yanka. Julian Orr kuma ya nuna a 1996 cewa masu gyaran injinan Xerox suna ƙaruwa da hirar junansu a kan injinan da suka gagara fiye da littafin kamfani.

Suka ta biyo baya. A 1996 John Anderson da Lynne Reder da Herbert Simon sun ce an wuce gona da iri, domin ilimin aji, kamar karatu da lissafi, yana amfani a wurare daban-daban. Wasu kuma sun ce ra'ayin bai kula da danniyar da ke tsakanin ubangida da yaronsa ba. Bayan littafin Wenger na 1998, wanda ya gina a kan ma'aikatan wani kamfanin inshora, kamfanoni da makarantun horar da malamai da likitoci sun ɗauki ra'ayin wajen tsara horon sababbin ma'aikata.