Adana Cajin Batirin Tarakta da Hasken Rana a Rumfunan da Ba Wutar Lantarki: Nazari kan Yankin Mokolo, Arewacin Kamaru

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke samun batirin tarakta a watannin rani da yake ajiye ba aiki a ƙauyukan Mokolo, inda wayar lantarki ba ta kai rumfar ajiya ba. An bi hanyar lissafi, bisa sanannun halayen batirin dalma da yanayin yankin. An gano cewa faifan sola mai wat 20 ya wadatar, amma zafi ya sa na'urar daidaita caji ta zama dole, kuma cajin wayoyin hannu daga batirin na iya rushe tsarin gaba ɗaya.

Gabatarwa

Mokolo ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Tsanaga a jihar Arewa Mai Nisa, cikin duwatsun Mandara, kimanin kilomita 80 yamma da Marwa, ba nisa da iyakar Nijeriya. A kan tsaunuka Mafawa na noma dawa da gero da fartanya, a gonakin da suka daddatse da jerin duwatsu, inda tarakta ba ta da wurin juyawa. Aikinta yana ƙasa, a shimfiɗaɗɗun filaye irin na Koza da Gawar, wajen masu auduga da ke hulɗa da kamfanin SODECOTON na Garwa, wanda aka kafa a 1974, da masu masara da waken suya. Taraktocin kaɗan ne, huɗa ta fi yawa da shanu da jakuna. Shi ya sa idan guda ta ƙi tashi a makon farko na damina, manoma da dama ne ke rasa layinsu.

Damina a nan takan kama daga Mayu ko Yuni zuwa Oktoba. In ban da ɗan jigilar amfanin gona da kaka, tarakta na iya shafe wata shida zuwa bakwai a rumfa. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai an yi rabon wuta. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023 sun rage wa garuruwa wahala. Rumfar da ke bakin gona ba ta ci wannan moriya ba, domin babu wayar da ta isa gare ta.

Abin da ke samun batiri a ajiye

Batirin tarakta na dalma ne da ruwan asid, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Mai volt 12 yana da ɗakuna shida, kowanne da volt 2.1 idan ya cika, wato mita za ta nuna 12.6 ko 12.7. Idan ta nuna 12.2, rabin cajin ya tafi. Ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da caji a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wata idan zafi bai wuce digiri 25 ba. Wannan zuba tana ninkawa kusan sau biyu da kowane ƙarin digiri 10, bisa ƙa'idar da Svante Arrhenius ya bayyana a 1889 kan yadda zafi ke gaggauta haɗuwar sinadarai.

Raguwar caji kaɗai da sauƙi, tunda ana iya mayarwa. Ɓarnar tana cikin daɗewa a haka. Yayin da caji ke sauka, gishirin dalma na taruwa a jikin farantan ciki. Idan aka yi caji da wuri sai ya narke ya koma yadda yake. Idan aka bar shi makonni, musamman ƙasa da volt 12.4, sai ya daskare ya ƙi narkewa, faranti ya rasa wani yanki na fuskarsa har abada. Wannan ne batirin da makaniki zai ce “ba ya riƙe caji”: a kai shi wurin mai caji a gari ya kwana, mita ta nuna ya cika, a murɗa makulli ya kasa juya inji.

Hanyar lissafi da sakamako

An ɗauki batiri mai amfiya-awa 100 a matsayin misali, da zubar kashi 5 a wata a digiri 25. A filayen da ke ƙasan duwatsu zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya zarce. Idan matsakaicin zafin rumfa digiri 35 ne, zubar za ta zama kashi 10 a wata. Bayan wata bakwai abin da zai rage bai kai rabi ba. Idan kuma an bar batirin a jone da tarakta, kuma wayoyinta ko altaneta na satar miliamfiya 20 dare da rana, wannan ƙarin amfiya-awa 14 ne a wata. Batirin zai ƙare ƙaf kafin wata biyar, wato tun kafin hadarin farko.

A kowace rana, ke nan, ana buƙatar mayar da amfiya-awa 0.33 na zubar batiri da 0.48 na satar wayoyi. Ita ma na'urar daidaita caji tana cin nata, a ƙaddara miliamfiya 10, wato 0.24. Jimilla ta ɗan haura amfiya-awa 1 a rana, ta kai 1.4 idan zafi ya kai digiri 45.

Mokolo na tsakanin digiri 10 da 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma ɗaukar awa biyar na cikakkiyar rana ba zuzutawa ba ne. Faifai mai wat 10 yana ba da kimanin amfiya 0.55, wato amfiya-awa 2.75 a yini. A cire sulusi saboda ƙurar hunturu da zafin faifan kansa, wanda ƙarfinsa ke raguwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25, saura 1.8. Ya isa, amma da ƙyar a watan da ya fi zafi. Mai wat 20 zai ba da 3.7, ya bar rara don ranakun hazo. Cire wayar kan batiri ta ɓangaren baƙi yana kawar da satar wayoyi gaba ɗaya, kuma ba ya cin ko dala.

Dalilin da ya sa na'urar daidaita caji ta zama dole

Akwai shawarar da ta yaɗu cewa ƙaramin faifai ba ya buƙatar komai tsakaninsa da batiri. Ta fi dacewa da ƙasashen sanyi, inda tarakta ke hutawa a lokacin da rana ke da rauni, abin tsoronsu kuma shi ne daskarewar ruwan batiri. A Mokolo hutun tarakta ya faɗo daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, don haka bin wannan shawara kuskure ne.

Faifan da ake kira na volt 12 yana iya kai volt 21 ko 22 idan ba a jona shi da komai ba, kuma ba ya daina turawa don batiri ya cika. Rarar wutar tana farfasa ruwan batiri zuwa iska. Kowane amfiya-awa na rara yana cinye kimanin sulusin giram na ruwa a kowane ɗaki. Faifai mai wat 20 da aka jona kai tsaye zai bar rarar kusan amfiya-awa 3 a yini, wato mililita 1 a kowane ɗaki kullum, fiye da mililita 200 a wata bakwai, ban da wanda zafi ke busarwa. Wannan na iya barin kan faranti a waje, kuma yankin da ya bushe ba ya dawowa. Iskar haidurojin da ke fita za ta haura lita 7 a yini, tana kuma kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Sito rufaffe da ake ajiye auduga ko harawa a ciki bai dace da wannan aiki ba.

Na'urar daidaita caji, wadda masu sayarwa ke kira kwantirola, tana yanke wutar idan batiri ya cika, ta riƙe shi a wajen volt 13.6. Wannan adadi na digiri 25 ne. Batiri mai zafi yana son ƙasa da haka, a rage kimanin milivolt 4 a kowane ɗaki kan kowane digiri, don haka a digiri 40 ya kamata a sauko wajen 13.2. Na'urar da ke auna zafi ta rage da kanta ita ce ta dace da nan. Nau'in PWM mai araha ya wadatar, domin ribar nau'in MPPT a kan faifai mai wat 20 ba ta kai kuɗinsa ba.

Kafawa

A fuskantar da faifan kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, ruwan sama ya riƙa wanke shi, a kuma share ƙura duk mako da hunturu. Na'urar ta zauna kusa da batiri domin ta ji zafin da yake ji, da fiyus dab da kan batiri na ɓangaren ja. Waya mai kaurin milimita 2.5 murabba'i tana asarar volt 0.15 kawai a tazarar mita 10 da faifai mai wat 20, siririya mai 0.75 kuwa rabin volt. Batiri ya samu inuwa da iska, rufin zana ya fi masa kwano. Duk wata a duba ruwa, a ƙara tataccen ruwan batiri. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri da ƙarfe masu lalata faranti, asid kuma ba a ƙara shi, tunda ruwa ne kaɗai ya tafi.

Matsalar wayoyin hannu

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa babu mai taɓa batirin, abin da ke da wuya a ƙauyen da ba wuta. Yawancin waɗannan na'urori suna zuwa da kafar cajin waya a jikinsu. Babbar wayar hannu ta yau tana shan kimanin wat-awa 20 kafin ta cika, wato amfiya-awa 1.7 daga batiri mai volt 12. Waya ɗaya ta cinye kusan duk abin da faifai mai wat 10 ya tara a yini. Biyu sun shafe rarar mai wat 20. Tun daga ta biyu ana ci ne daga jikin batirin, wanda aka ƙera da farantai sirara don ya ba da ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba don a riƙa tatsarsa kowane dare ba. Na'urar ma ba za ta cece shi ba, domin da yawa ba sa yanke wuta sai caji ya sauko wajen volt 11, lokacin da ɓarna ta riga ta auku.

A ganina hana maƙwabci cajin waya ba tsari ba ne mai ɗorewa, kuma buƙatarsa ta gaskiya ce: da wayar yake jin farashin kasuwa, da ita ake turo masa kuɗi, a yankin da ya sha fama da rashin tsaro tun 2014 kuma da ita yake jin lafiyar danginsa. Gara a sa wannan buƙata cikin lissafi tun farko. Ƙungiyar manoma da ta mallaki tarakta tana iya sayen faifai mai wat 50 zuwa 80 da na'ura mai kula da batiri biyu, ɗaya na tarakta da ba a jona masa komai, ɗayan mai farantai masu kauri don wayoyi da fitila. Irin wannan faifai zai ɗauki waya biyar zuwa takwas a yini bayan ya biya buƙatar tarakta, kuma ɗan kuɗin caji da ake karɓa sai a tara shi don ruwan batiri da sauya batiri na biyu idan ya gaji.