Daga faifai zuwa filash: tarihin daskarewar gem a Kunci

A ranar 4 ga Maris 2025 PlayStation 2 ta cika shekara 25 da fitowa a Japan. Sony ya daina ƙera ta tun 2013, amma a rumfunan gem na karkarar Kano, irin na Kunci, wadda yanzu ake kira Ghari, ba ta yi ritaya ba. Haka ma tsohuwar gardamarta. Ana minti na 80, ɗan wasa ya kwaso ƙwallo zai buga, sai hoto ya tsaya cak, muryar mai sharhi ta maƙale a harafi ɗaya. Wanda aka ci ya ce a sake sabo, mai ci ya rantse an yi masa maguɗi, mai rumfa kuma ya leƙa waje yana hararar janareta.

Zamanin farko ba shi da dogon labari. An yi gem mai kaset da yara ke hura wa iska in ya ƙi tashi, sannan faifai ya zo. A lokacin ƙurar hunturu ce abokiyar gaba: ta toshe idon na'ura, faifan jabu ya sha ƙarzuwa, mai rumfa ya goge shi da gefen riga yana addu'a.

Sai aka yi wa faifai juyin mulki. Manhajar Free McBoot, wadda ke zama a katin memorin PS2 mai megabait 8, tare da Open PS2 Loader, suka ba da damar loda gem daga filash. Mai rumfa ya hau mota ta Bichi ya shiga Kano, a Farm Centre ko titin Beirut a cika masa filash, ya dawo da gem goma a aljihu. Masu kwaskwarima suka samu fili: PES 2014 ne gem ɗin ƙwallo na ƙarshe da Konami ya fitar wa PS2, amma har yau ana dasa sababbin 'yan wasa da riguna a kan tsohon gini, sana'ar da 'yan Brazil suka shahara da ita ta hanyar Bomba Patch.

Nan cutar daskarewa ta sauya gida, jama'a kuwa ba su sauya wanda suke zargi ba.

Masu ɗora wa janareta laifi suna da rabin gaskiya, sai dai wuta in ta yi wasa kashe na'ura take yi, talabijin ma ta ɗauke. Masu cewa zafi ne su amsa wannan: me ya sa gem ke tsayawa a wuri guda kullum, ko da asubar sanyi? Amsar tana bakin filash. Ƙofar USB 1.1 ta PS2 ba ta wuce megabait 1.5 a daƙiƙa, alhali faifai na iya haura 5, shi ya sa bidiyon buɗe gem ke ɗingishi. Tsarin FAT32 na 1996 kuma ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, dole a yanyanka babban gem da USBUtil. A goge wannan, a loda wancan, fayil ya warwatse gutsu-gutsu, tsofaffin nau'in Open PS2 Loader kuwa ba sa iya tsince shi. Kwaskwarima ta ƙara wa jaki kaya.

Mafi muni shi ne filash na jabu: a jikinsa an rubuta giga 64, cikinsa 8 ne. Yana karɓar kaya ba musu, abin da ya haura mudunsa ya lalace a ɓoye. Gem na farko ya tashi lafiya, na bakwai ya tsaya a baƙin allo. Manhajar H2testw tana tona asirinsa, amma gwajin na cin sa'o'i, mai rumfar Kunci kuwa yana sauri ya kama motar gida kafin magariba.