Daga Shambor zuwa Birnin Damagaram: me ke raya tsohuwar fada?

Ɗan Nijar da ya je yawon buɗe ido Faransa ba ya rasa a kai shi ganin manyan gidajen sarakunan dā. Zai ga Shambor, wadda Sarki Faranswa na Ɗaya ya aza harsashinta a 1519, mai ɗakuna fiye da 400. Zai ga Barsayi, inda Luwi na Sha Huɗu ya mayar da fadarsa a 1682. Sai ya komo gida yana cewa ai su da dutse suka yi gini, mu da laka, shi ya sa nasu ya daɗe. Tarihi bai goyi bayan wannan magana duka ba.

Bayan juyin juya halin 1789, gidajen nan sun ga wulaƙanci. An yi gwanjon kayan ɗakin Barsayi a 1793 da 1794. Ƴan kasuwa sun sayi gidajen fadawa da dama, suka rushe su, suka sayar da duwatsun. Abin da ya ceci sauran shawara ce ta hukuma. A 1834 aka naɗa marubuci Furosfer Merime sufeton gine-ginen tarihi, ya zaga ƙasa yana dubawa. A 1837 aka mayar da Barsayi gidan tarihi, a 1840 aka fitar da jerin farko na gine-ginen da za a kula da su, a 1913 kuma aka kafa dokar kare su. Shambor kanta sai a 1930 gwamnati ta saye ta. Tun 1984, kowace Satumba ana buɗe wa jama'a ƙofofin irin waɗannan gidaje. Ashe ziyarar da baƙo ke yi yau ribar aikin shekaru kusan ɗari biyu ce: rubutawa, da gyarawa, da buɗewa.

Mu ma muna da namu. Akwai fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, wadda ta samo asali daga tsakiyar ƙarni na 19, ƙarnin da Sarki Tanimun ya ɗaukaka masarautar. A garin aka kashe Kyaftin Kazamaju a 1898, Faransawa suka ci shi a 1899, ya kuma zama hedikwatar ƙasa har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Akwai fadar Zarmakoy ta Doso, ginin 1904. Akwai tsohon garin Agadas, da fadar sarkinsa da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Nijar ta yi dokar kare kayan al'adu a 1997, ta kuma gabatar da Birnin Damagaram da fadar Doso cikin jerin share fage na UNESCO a 2006.

Sai dai akwai bambanci biyu da ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa. Na farko, Shambor fada ce da babu sarki a cikinta, alhali namu fadodin na raye: ana zaman fada, ana sulhu, dogarai na bakin zaure. Mai ziyara baƙon gida ne, sai ya shiga da sallama da ladabi. Na biyu, ginin laka yana bukatar yaɓe a kai a kai, in aka bar shi damina ta cinye shi. A Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19. Doka a takarda ba ta tare ruwa.

To, ina ruwan Baleyara da Filinge da wannan batu? Ƙasar Kurfai da ta Tagazar ba a san su da dogayen benaye ba. Tarihinsu na cikin gidajen sarauta, da tsofaffin rijiyoyin Dallol Boso, da kasuwar Lahadi ta Baleyara inda Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye ke haɗuwa. Waɗannan su ne fadodinmu na kusa, kuma rashin tsaro da ya addabi jihar Tillaberi ya sa tafiya mai nisa da ƴan makaranta ta yi wuya.

Aikin da Merime ya fara ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Kowace makaranta da ƙungiyar al'adu na iya ɗaukar littafi, ta nemi izinin mai gari, ta rubuta sunan kowane tsohon zaure, da wanda ya gina shi, da shekarar da aka yi masa yaɓe na ƙarshe, da abin da dattawa suka sani a kansa. Dattawan na tafiya, magina na gargajiya na ƙaranci. Gara a fara kafin damina mai zuwa.